Digirin digirgir da bokitin na'a-na'a

Ni ɗan manomi ne, jikan manomi, amma sai da na haura shekara arba'in kafin na shuka wani abu da hannuna ya rayu. Wannan magana tana da nauyi a bakin mutumin da ɗalibai ke kira Dakta, shi ya sa na daɗe ban faɗe ta ba.

Abin ya faro ne lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas babu aji, aljihu kuma ya yi sanyi. Wata safiya uwargida ta aiki yaro sayen na'a-na'a ta shayi, ya dawo da 'yan ganyaye da suka riga suka yi yaushi. Na ce a raina, wannan kam ai ba ta fi ƙarfina ba. Na tattara tsofaffin bokitan fenti guda shida, na cika su da ƙasar bayan gida, na haɗa da ɗanyen kashin kaji, na dasa na'a-na'a da ɗoɗɗoya, na watsa irin lansir. Kullum safe da yamma ina kwarara musu ruwa kamar mai biyan bashi.

Cikin mako biyu komai ya mutu. Ganyen ya yi rawaya, gindin ya yi baƙi, ƙasar tana wari.

A daidai lokacin mahaifiyata ta zo daga ƙauye ganin jikoki. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Ta tsaya kan bokitan, ta ɗaga ɗaya ta leƙa ƙarƙashinsa, sannan ta juya wajen matata ta ce, "Ki tambayar mini maigidan naki, ta ina yake so ruwan ya fita?" Ban huda ko ɗaya ba. Ni da na rubuta kundin bincike mai ɗaruruwan shafuka, ban san cewa saiwa tana numfashi ba, kuma idan ruwa ya kwanta a kanta ruɓewa take yi. Da ta shinshina ƙasar sai ta ƙara da cewa kashin kaji wuta ne, sai ya kwana biyu ya ruɓe ya huce kafin a kai shi kusa da shuka. Lansir kuwa, in ji ta, ɗan hunturu ne. Wanda ya shuka shi a bakin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya yi wa kansa ba'a.

Na ji kunya, kuma ba ta bokitan kaɗai ba. Tun ina firamare aka cire ni daga gona domin in yi karatu, kuma ita ce ta dage a kan haka. Abin da ta sani game da ƙasa, ba ta ga dalilin koya mini ba, ni ma ban ga dalilin tambaya ba. A ganina wannan ita ce asarar da yawancinmu 'yan boko muka tafka ba tare da mun lura ba: mun ɗauka ilimin iyayenmu zai jira mu har ranar da muka sami sukuni.

Na sake farawa a ƙarƙashin umarninta. Na huda bokitan da ƙusa mai zafi, na zuba tsakuwa a ƙasa, na gauraya ƙasa da yashi da busasshen takin shanu. Na'a-na'a ba ta buƙatar iri; reshe ake yankowa a sa a ruwa, cikin 'yan kwanaki ya fitar da saiwa. Sai dai a ware mata mazubinta, domin tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye maƙwabtanta, kuma a ajiye ta inda za ta sami ranar safe da inuwar la'asar. Ɗoɗɗoya kuwa ana tsinke kanta kafin ta yi fure, sai ta yi rassa ta cika. Wannan ne ya fi ba ni wuya, don hannuna ya riƙa nauyin yanke abin da na sha wahalar rayawa. Ban ruwa ma ya koma bisa awo: in tsoma yatsa, in da danshi in ƙyale.

Akuyar maƙwabta ta cinye rabin ɗoɗɗoyar a watan Agusta. Wannan ba laifin ilimi ba ne, laifin ƙofa ne.

Da sanyi ya shigo a Nuwamba na sake watsa lansir. A kwana na uku ya tsiro, kafin mako uku muka yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli. Na ɗauki hoto na aika wa ƙanwata ta nuna wa Inna. Saƙon muryar da ya dawo gajere ne: ta ce na cika irin da yawa, a gaba in rage hannu, kuma in ta zo da sallah za ta taho mini da tafarnuwar dashe, ta ga ko zan iya.