Gida Mai Taya

'Yar'uwa, a ƙasar Nowe akwai masu yawon hutu da mota mai gado, murhu da banɗaki a ciki. In titi ya ƙare a bakin ruwa, sai a rufe tukunyar gas, a shigar da motar jirgin fito. Da an tsallaka su nufi Hanyar Atilantika, wadda aka buɗe a 1989, gadoji 8, tsibiri zuwa tsibiri, teku dama da hagu.

Abin ya burge ni, ba ƙarya. Sai dai in an tsaya maigida ya fita kallon teku, wa zai ɗora tukunya? Uwargida ta baro gida, kicin ya biyo ta. In ni ce, wallahi tun kafin a ta da mota za mu raba wanke-wanke.