Daga Kano Zuwa Maraɗi: Ranar Da Turanci Ya Ba Ni Kunya

 A wannan watan ina so ki ɗauki mayafinki ki biyo ni mu leƙa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, domin akwai darasin da na samo a can wanda bai kamata in riƙe ni kaɗai ba, musamman idan kina da yara masu koyon Faransanci a makaranta, ko kina da dangi a tsallaken iyaka.

Ƙanwata ce take aure a Maraɗi yau shekara ashirin da ɗoriya. A daminar 2022 'yarta ta fari ta haihu, muka shirya zuwa suna ni da 'yata budurwa, wadda ta yi Faransanci shekara uku a ƙaramar sakandare, don haka ita ce tafintar gidanmu. Ana jibi za mu tashi sai wata yarinyar gidan ta turo mata saƙo a waya, a ciki har da labarin ƙanen mai jego cewa "il a passé le bac". Bak ita ce jarrabawar gama sakandare a can. 'Yata ta yi tsalle ta ce, "Umma, ya ci! Ai ga kalmar nan, daidai da ta Turanci." Ni kuwa ban yi ƙasa a gwiwa ba, na shiga Kantin Kwari na yanko masa shadda yadi biyar ta tukwici.

Mun bar Kano da sassafe, muka bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya, tafiyar kilomita kusan 170 zuwa Katsina. Daga nan muka nufi Jibiya, muka ƙetare iyaka zuwa Ɗan Isa. Kin san Allah, in ba don tuta da kakin ma'aikata ba, babu abin da zai nuna miki kin bar ƙasarku. Gero ne dai da dawa da wake a gonaki, ga rumbuna, ga mata da ƙwaryar fura a ka. A nan ne harshe ya fara yi mana gargaɗi, amma ba mu ɗauka ba. Wani ma'aikaci ya karɓi takardunmu ya ce, "Attendez." 'Yata ta raɗa mini cewa wai mu halarta, wato mu biyo shi ciki. Muka kutsa kai ofis, mutumin ya waiwayo yana murmushi, ya ce da Hausa tsantsa, "Hajiya, cewa na yi ku dakata." Ashe "attendre" jira ne, ba shi da haɗi da "attend" na Ingilishi.

Maraɗi gari ne da Bakatsine ba ya baƙunta a cikinsa. Sarakunan Haɓe na Katsina ne suka koma can bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har gobe ake kiran sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi. Tsohon garin a bakin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta yi masa mummunar ɓarna aka hau da shi kan tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Gari ne na fatake da alhazai 'yan kasuwa, kuma Hausa ake yi ko'ina, sai dai Hausa ce da ta sha romon Faransanci kamar yadda tamu ta sha na Ingilishi. Makaranta lakwal ce, biro bik, littafin rubutu kaye, babbar mota kamiyo, ni kuma da nake Anti a Kano na wayi gari Tanti. A kasuwa kuwa sai kin natsu, domin da dala ake lissafi: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1,000.

To 'yar'uwa, ga inda gizo ya yi saƙar. Muna shiga gida, ana cikin murna da rungume-rungume, sai na hango yaron ya zo gaishe ni. Na zaro shaddar nan a gaban mata cike da tsakar gida, na rangaɗa guɗa, na ce ga tukwicin cin jarrabawa. Sai wuri ya yi tsit. Yaron ya sunkuyar da kai, ya karɓa da hannu biyu, ya fice ba tare da ya ce uffan ba. Ƙanwata ta ja ni ɗaki ta ce, "Yaya, ai bai samu ba. Sati uku ke nan ko abincin kirki ba ya ci." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zo faranta wa yaro rai, na fama masa ciwo a bainar jama'a.

Da daddare yayan mijinta ya shigo, dattijo ne tsohon malamin makaranta, wanda kowa ke kira Mushe. Kada ki zaci zagi ne, "monsieur" ce bakin Bahaushe ya lanƙwasa, kuma haka ake kiran malamin lakwal. Shi ya warware mana. Ya ce "passer" a wajen jarrabawa zama ne kawai a rubuta, ko an ci ko an faɗi. Wanda ya ci sai a ce "il a réussi", ko "il est admis". Ya ce irin waɗannan kalmomi sunansu "faux amis", wato abokan ƙarya, kuma asalinsu tun 1066 ne, lokacin da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, dubban kalmomi suka shiga Ingilishi, daga baya kowace ta kama hanyarta. Kamar 'yan'uwa ne da aka raba tun suna yara, kama tana nan, hali ya bambanta.

Ga kaɗan da na sa 'yata ta rubuta, ke ma ki ajiye wa yaranki. "Demander" tambaya ce ko roƙo cikin ladabi, babu tilas a ciki irin na "demand". "Rester" zama ne a wuri, hutawa kuwa "se reposer". "Assister à" halartar taro ne, taimako kuma "aider". Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce "blessé". Mai Turanci zai ji kamar an ce an yi albarka, alhali cewa aka yi mutum ya ji rauni. Ki duba fa, a bugo miki waya a ce ɗanki "est blessé", ke kuma ki amsa da amin!

Washegari ranar suna, bayan an ci dambu da zogale an kora da fura, aka ce a ƙara wa 'yata, sai ta ɗauko Turancinta na "I am full" ta juye shi kalma bayan kalma, ta ce "je suis pleine". Mata suka tuntsire da dariya har da masu riƙe ciki, domin akuya ko saniya mai ciki ake faɗa wa haka. Wanda ya ƙoshi "j'ai bien mangé" yake cewa, wato na ci sosai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da Mushe ya yi mata da yamma. Ya ce, "Ɗiyata, me ya sa kike zagayawa ta Ingila kafin ki zo Faransa, ga gada a bakinki? Ki fara faɗin maganar da Hausa." Ya kawo misali. Bature na Ingila ya raba "make" da "do", na Faransa kuwa "faire" kaɗai gare shi, kamar "yi" namu: "faire la cuisine" yin girki, "faire la vaisselle" yin wanke-wanke, "faire la prière" yin salla, "il fait chaud" ana yin zafi. A shekaru ma, mai Ingilishi cewa yake shi ne ashirin, mai Faransanci kuwa "j'ai vingt ans", ina da shekara ashirin, tamkar Hausa. Haka nan "vous" da ake faɗa wa babba ko baƙo maimakon "tu", ai shi ne "ku" ɗinmu na "kun tashi lafiya?" ga suruka.

Muna cikin hirar sai hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya ɓarke. Ya yi dariya ya ce ga darasi na ƙarshe: mai Ingilishi zai ce ana zubo kyanwoyi da karnuka, mai Faransanci ya ce "il pleut des cordes", ana zubo igiyoyi, mu kuma mu ce kamar da bakin ƙwarya. Salon magana ba a ɗaukarsa da kayansa a kai shi wani harshe, sai dai a nemo ɗan'uwansa a can.

Abubuwa sun canja tun bayan tafiyar tamu. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, don haka ki riƙa tambayar halin da hanya ke ciki kafin ki shirya. A 2025 kuma mahukuntan Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Duk da haka yaro mai Faransanci ba zai rasa amfaninsa ba, domin Najeriya kewaye take da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin. Abin da nake roƙonki shi ne, in yaro ya kawo aikin gida, ki sa ya faɗa miki ma'anar jimlar da Hausa tukuna, ko da ke ba ki jin Faransanci. Kalmar da ya ga ta yi kama da Turanci kuwa, ita ce ta fi cancantar a duba ƙamus a kanta. Sannan duk labarin da ya shafi lafiya ko kuɗi ko jarrabawa, kada ki gina komai a kan fassarar ɗan koyo, ki buga waya ki ji da Hausa.

Kafin mu taso na kira yaron gefe na ba shi haƙuri, na ce ya ajiye shaddar, ranarta na zuwa. Da aka sake shekara sai ga wani saƙo ya shigo: "il est admis". Sai da na kira ƙanwata na ji daga bakinta, sannan na yi guɗata.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. A shafa mini kan yara.