Sarauniyar Lugu da tambayar "wa ya ce?"

Da wuya a samu ɗalibi a ƙasar Nijar wanda ya kai ajin ƙarshe na lise bai san Sarauniya Mangu ba. In an tambaye shi zai zuba labarinta tiryan-tiryan: yarintarta, da horon da ta samu, da kalaman da ta yi wa mayaƙanta kafin Turawa su iso Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Amma in aka ƙara masa tambaya guda, wato daga ina ya san haka, sai ya ce ai kowa ya sani. Ilimin binciken al'umma, ko na tarihi ne ko na zamantakewa, yana farawa ne ranar da ɗalibi ya daina gamsuwa da wannan amsa.

Mafi yawan abin da matasa suka sani game da Sarauniya ya fito ne daga ƙagaggen littafin da Abdullahi Mamani ya wallafa da Faransanci a 1980, da kuma fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Mamani bai yi laifi ba da ya sa mata magana a baki, ya cike abin da tarihi ya bari. Aikin marubucin hikaya ke nan, kuma albarkacinsa sunanta ya fita daga Arewa ya zaga duniya. Kuskuren yana wurin mai karatun da ya ɗauki hikaya a matsayin shaida.

To, ina shaidar take? Akwai takardun sojojin Faransa da aka adana a garin Eks, a kudancin ƙasar. Rundunar Bule da Shanuwan ta auka wa Lugu a watan Afrilu na 1899, kuma abin da hafsoshinta suka rubuta game da Sarauniya kaɗan ne ƙwarai. Masu rubutun kuwa su ne masu ƙone garuruwa, suna rubuta wa shugabanninsu, suna neman wanke kansu. Akwai kuma abin da dattawan Lugu da na maƙwabta suka gada daga bakin iyaye. Su ma kowa da inda ya tsaya, domin mai faɗin labarin kakansa ba ya son a ce kakan ya gudu. A wurin mutanen Lugu ma, Sarauniya suna ne na sarautar addinin Azna da mata suke gada bi da bi, Mangu ɗaya ce daga cikinsu. Mai bincike yana yi wa kowace kafa tambayoyi iri ɗaya: wa ya faɗa, yaushe, wa ya faɗa wa, me yake nema da faɗar? Sannan ya gwama su, don tukunya ba ta zama a kan dutse guda.

Darasi mafi wuya yana cikin ƙarshen rundunar. Bayan Lugu ta wuce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Bule ya sa aka harbe Kanar Kulob, wanda gwamnatin Faransa ta aiko don ya karɓe ragamar rundunar, kuma cikin ƴan kwanaki sojojinsu baƙar fata suka kashe shi da Shanuwan a Maijirgi, kusa da Tasawa. Mutane da yawa sun yi imani cewa asirin Sarauniya ne ya bi su. A nan ɗalibi yake koyon raba kalmomi biyu da harshen yau da kullum yake haɗawa: "bayan" da "saboda". Abu ya faru bayan wani ba ya nufin ya faru saboda shi. Duk da haka mai bincike ba ya yi wa wannan imani dariya, ba ya kuma share shi. Yana rubuta shi da kyau, don shi ma gaskiya ce game da mutane: yana nuna yadda waɗanda aka zalunta suka fahimci ƙarshen azzalumi.

Wasu iyaye, har da wasu malamai, suna ganin irin wannan tambaya rashin kunya ce da aka kwaso daga makarantar boko. Ai kuwa malaman hadisi sun daɗe suna bin sarƙar masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, suna auna gaskiyar kowa da ƙarfin haddarsa. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya ƙi karɓar adadin mayaƙa 600,000 da wasu marubutan tarihi suka ba Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, ya auna shi da faɗin ƙasa da yawan zuriyar da za a iya haifa cikin ƴan ƙarnoni. A Yamai ma, tun 1968 aka buɗe cibiyar tattara al'adun baka wadda ta zama CELHTO. Andire Salifu a kan Damagaram, da Jibo Hamani a kan Adar, sun gina tarihi ta hanyar gwama bakin dattawa da takardu. A 2001 aka kafa LASDEL, inda ake horar da matasa su zauna cikin jama'a, su saurara, su ci gaba da tambaya har sai sabon mai ba da labari ya daina kawo sabon abu.

Wannan horo ba ya bukatar kuɗi. Ajin kwaleji a Tawa ko Maraɗi yana iya ɗaukar tarihin rijiya ɗaya ko kasuwar unguwa, a aika yara wurin mutum uku da ba gidansu ɗaya ba, su gaishe su da ladabi, su rubuta maganar kowa yadda ya faɗe ta, da rana da wuri, su ware abin da suka ji daga abin da suke zato. In labaran suka saɓa, kada malami ya yi gaggawar raba gardama. Ya bar yara su nemi dalilin saɓanin. Yaron da ya saba da haka, in saƙon murya ya iso masa ta WhatsApp da labarin annoba ko na wata ƙabila, zai tambayi wa ya ce kafin ya tura.

Ita kuwa Sarauniya, tambaya ba ta rage mata komai. In an cire duk abin da hikaya ta ƙara, abin da ya saura ya isa a yi alfahari da shi: a shekarar da garuruwa masu ganuwa suke faɗuwa, wata mace da mutanen ƙauyenta, da baka da kibiya, sun ƙi miƙa wuya.