Garkar Bagobira a Agadas

A Tibirin Gobir mace ba ta sayen yakuwa. Idan damina ta sauka, bayan ɗaki da gindin danga sukan cika da ita, tare da kuɓewa da rama da lalo da tafasa, wasu an shuka su, wasu sun fito don kansu. Abin da aka kasa cinyewa ɗanye a shanya shi a adana saboda rani. A irin wannan gida wata mata ta tashi, a nan ta yi aure har ta haifi ƴaƴa uku, kafin a canja wa mijinta, malamin lakol, wurin aiki zuwa Agadas. Maƙwabtanta na can ba su wahalar da kansu da sunanta na yanka ba. Bagobira suke ce mata, ita ma ta karɓa.

Agadas ba gari ba ne da ya rasa kayan garka. Daga Dabaga da Tabelot da Timiya da sauran kwaruruwan Abzin ake sauko da albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da tumatir, da lemu da rumman, har da inabi. Sai dai duk wannan na mai kuɗi ne a hannu, alhali albashi ɗaya ne, bakuna biyar, ga ƴan'uwa a gida da ke jiran aike duk ƙarshen wata. Abin da ya fi yi mata ciwo ma shi ne miƙa kuɗi a karɓi ɗan ƙullin busasshiyar yakuwa, abin da a garinsu ko almajiri ba a rowar sa gare shi. Ta ce ba za ta iya ba. Ta aika gida aka kawo mata iri a ƙulle cikin tsumma.

Da aka yi ruwan farko a watan Yuli, ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi: ta ta da kunya a kusurwar tsakar gida, ta zuba iri, ta jira sama. Ƙasar Maraɗi takan samu kusan milimita 500 na ruwan sama a shekara, Agadas kuwa da wuya ta wuce 150, shi ma yakan zubo ne a ƴan kwanaki, ya cika ƙoramar Telwa, ya wuce. Tsiro ya fito, aka yi mako biyu babu ɗigo. Iska mai yashi ta kakkarce ganyen, akuyar maƙwabta ta samu ƙofa a buɗe ta ƙarasa sauran.

Wani dattijo Ba'abzine da ke kawo kaya daga Dabaga, wanda take sayen tumatir a wurinsa, shi ta kai wa kuka. Bai tambaye ta irin da ta shuka ba. Cewa ya yi: "Ɗiyata, kin yi shinge?" Ta ce a'a, ai cikin gida ne. Ya ce: "To ba ki yi garka ba tukuna." A harshensa na Tamajak, kalmar afarag ita ce shinge, ita ce kuma garka. Haka abin yake ga jardin ta Faransanci, wadda tushenta tsohuwar kalma ce ta Jamusanci mai nufin wurin da aka kewaye. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba sun sanya wa garka suna da abin da ke tsare ta, suka ƙyale abin da ke tsirowa a ciki. Dattijon bai san wannan ba, ba ya kuma da buƙatar saninsa. Ya ce ta kafa shinge, ta nemi inuwa, sa'an nan ta zauna ta jira sanyi, domin a ƙasarsu hunturu ne daminar mai garka.

Ta jira har Oktoba. A wannan karon ba ta ta da kunya ba, rami ta gina. A Tibiri ana tara ƙasa ne don kada ruwa ya kwanta a gindin shuka, a Agadas kuwa ana zurfafa fangali ne don kada ko ɗigo ya gudu. Ƙasar tsakar gidan tsakuwa ce da taurin dutse, sai da ta yi kwana uku tana jiƙa ta kafin fartanya ta shiga. Yaranta suka yi ta jigilar lallausar ƙasa daga bakin ƙorama a cikin buhu, ta gauraya ta da kashin awaki wanda ya shekara, domin ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Ta kewaye wurin da tabarmin kaba, ta shimfiɗa tsohon sange a sama bisa sanduna huɗu: yana rage kaifin rana, yana hana tsuntsaye, ƙadangaru ne kawai suka fi ƙarfinsa. Fangali huɗu ta yi, kowane tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya.

Daga nan rigimar ruwa ta tashi. Gidan na haya ne, iyali biyu, pampo ɗaya, takardar kuɗin ruwa ɗaya a raba biyu. A irin wannan yanayi, kowane murabba'in mita na ganye yana shan lita 5 zuwa 10 a yini, gwargwadon zafi da iska. Nata takwas ne, ke nan bido biyu zuwa uku masu lita 25 kowace rana. Da takardar watan Nuwamba ta zo, matar ɗaya ɗakin ta tsaya a tsakar gida ta ce ita ba za ta biya wa salati kuɗin wanka ba. Gaskiyarta ne, Bagobira ma ta san haka. Kwana huɗu ba su gaisa ba, mijinta kuma ya ce ko ta rage fangali ko ta nemo wa abinta ruwa.

Ba ta rage ba. Ta koma ta kasa ruwan gidanta kashi-kashi, kowane da sunansa da wurin zuwansa. Ruwan alwala, na mutum biyar sau biyar a yini, a cikin kwano ake yin sa yanzu, shi ne na salati. Ƙasari da ruwan wankin shinkafa na tumatir ne. Ruwan ɗauraya na biyu na zogala ne, mai haƙuri. Ruwan sabulu kuwa na waje ne, domin ta ga farin ɓawon da yake bari a kan ƙasa kamar kanwa, ta kuma ga abin da ya yi wa fangalin da ta gwada shi. Ta daina ban ruwa da rana, sai da asuba da bayan la'asar. Ta rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa, gara ta zo, ta bar ta ta ci ciyawar tunda ba ta taɓa ɗanyen ba. Ta sayi ƙananan tuluna na yumɓu ta binne su har wuya a tsakiyar fangali, ta cika su, ta rufe baki da faifai. Tulun yana tsatsar da ruwa a hankali ta jikinsa, saiwa ta zo ta naɗe shi, rana ba ta samun rabonta. Abin da take ɗiba a pampo ya dawo bido ɗaya, shi ma ta ce a rubuta mata shi daban. Salatin farko da ya kai, bayan kwana arba'in da ƴan kai, maƙwabciyar aka fara kai wa.

Wanda ya dubi sunayen abin da ke cikin fangalin zai iya karanta lokacin shukarsu. Salati da shu da karoti daga Faransanci suka shigo, kamar yadda latas da kabeji da karas suka shigo daga Ingilishi a ƙetaren iyaka. Albasa ta Larabci ce. Duk waɗannan baƙi sanyi suke so, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kuɓewa da yakuwa, masu sunan gida, su ne ke iya tsayawa idan bazara ta kama. Zogala ce ke ɓata wannan ƙa'ida: tana jure zafi kamar ƴar gari, alhali asalinta ƙasar Indiya ne, sunanta na bagaruwar Makka ma yana tona cewa daga gabas ta zo. Bagobira ba daga littafi ta koyi wannan ba. A watan Afrilu ta ga furen tumatir yana zubewa ba ya ƙulla ɗa, domin idan zafi ya wuce digiri 35 haka yake yi, a Agadas kuwa Mayu da Yuni sukan haura 40. Ta tuge shi, ta bar fangali uku suka huta, ta riƙe zogala da kuɓewa.

A hunturu na biyu dattijon ya kawo mata reshen rumman, tsawon kamu ɗaya, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce irin na Timiya ne. A nan ne mijinta ya yi magana da gaske. Ganye, in ji shi, abin kwana arba'in ne, ko an tashe su gobe ba su yi asarar komai ba. Itace kuwa shekaru yake so, gidan ba nasu ba ne, ma'aikacin gwamnati kuma ba ya da gari, inda takarda ta ce nan ne garinsa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce: "Malam, ni dai ina shibkawa. In mun tahi, wanda yaz zamna shi ci."

Ɗaliban ilimin harshe za su gane kalmomin nan biyu tun daga nesa. Shibka da zamna na cikin misalan da ake bayarwa idan ana bayanin dokar Klingenheben, Bajamushen da ya nuna a shekarun 1920 yadda baƙaƙen leɓe a ƙarshen gaɓa suka raunana suka koma wasali a Hausar gabas: shibka ta zama shuka, zamna ta zama zauna, amre ya zama aure, Hausar yamma kuwa ta riƙe tsohuwar siga. Mijin yana cewa shuka a cikin aji, yana gyara wa ɗalibansa. A gida bai taɓa iya gyara wa matarsa ba, a wannan ranar ma bai gwada ba. Shi ya gina ramin da kansa, zurfin gwiwa, yana gunaguni.

Rumman itace ne mai jure ƙishi da ƙasa mai gishiri fiye da lemu ko mangwaro, shi ya sa dattijon ya zaɓe shi. Shekarar farko bai yi komai ba sai ƙananan ganye. A ta biyu ya yi fure kaɗan ya zubar. A bazara ta uku ya cika da jan fure, ya ƙulla ƴaƴa goma sha ɗaya, yaran suna ƙirga su kowace safiya kafin su tafi lakol. A watan Agusta takarda ta zo: an maida malamin jihar Maraɗi, abin da suka shekara biyar suna roƙo. Ƴaƴan rumman sun kai dunƙulen hannun yaro, amma ba su nuna ba, itacen kuma ya wuce a tuge shi.

Makonta na ƙarshe ta yi shi ne tana koya wa maƙwabciyar nan, wadda ta taɓa ƙin biyan kuɗin wankan salati, yadda ake ban ruwa: a cika tulun gindinsa duk bayan kwana biyu, kada a ƙetare, kada kuma a rama da yawa idan an manta, a mayar da faifai a bakinsa. Ta bar mata sange da fartanya da fangali huɗu da ƙasarsu ta riga ta yi baƙi. Ta ɗauki irin zogala da na kuɓewa ta ƙulle a tsumma.

A ƙarshen Oktoba wani direba ya kawo kwali daga Agadas, an rubuta Bagobira a jikinsa. Rumman bakwai ne a ciki, huɗu sun tsage, jajayen ƙwayoyin suna leƙowa. Rumman yakan tsage haka idan ya sha ƙishi sa'an nan aka ɗura masa ruwa lokaci guda. Ta jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi wayar mijinta ta kira. Bayan gaisuwa, tun kafin godiya, ta ce: "Ƙawata, gaya mani gaskiya, kwana nawa kika bar tulun ga ba ruwa?"