Gizo-gizon da ke Kafaɗar Kakana

Da wuya ka shiga tsohon gidan Bahaushe a Limawa ko Rumde ka rasa hoton wani dattijo cikin kaki, ko a jikin bango ko a ƙasan adakar tsohuwa. Ka tambaya a ce maka "ai soja ne, ya je yaƙin Bama", shi ke nan magana ta ƙare. To amma wace runduna? Wace bataliya? Shi kansa hoton yana da bakin magana, in an san inda za a duba.

Namu hoton ya daɗe yana jawo gardama. Dangin mahaifinmu sun ce kakanmu soja ne, daga ƙasar Kano aka ɗauke shi, bayan an sallame shi ya biyo wani abokinsa zuwa Jimeta ya kama sana'a a bakin Binuwai. Wasu kuma suka dage cewa ɗan doka ne na En'e, labarin Bama ƙari ne na jikoki. Wani zai ce mene ne abin damuwa? To mu da ake yawan tambayarmu "ku asalinku daga ina kuka zo", sanin abin da ya kawo kakanmu garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi cikin 'ya'yansa Gwaggo kaɗai ta rage, ita ma ido ya fara rauni.

Abu na farko da mutane ke kallo shi ne hula, kuma ita ce ta fi yaudara, musamman a nan Adamawa. Jar dara ba ta soja ɗaya ba ce. Sojan Ingila na Afirka ta Yamma sun sa ta a kayan fareti, tare da jar 'yar shara mai ado da zare rawaya da jan ɗamara. Sojan Faransa baƙaƙen fata su ma jar hula suke sawa, kuma Garwa ga ta nan kusa da mu, iyalai da yawa suna da dangi ta can. Kafin Faransa ma Jamus ce ke riƙe da Garwa, ita ma ta ɗebi Hausawa soja. Daga nan Yola sojan Ingila suka tashi suka kai mata hari a watan Agusta 1914 aka koro su, sai a watan Yuni 1915 garin ya faɗi. Ka ga mai yiwuwa ne Bahaushe biyu su fuskanci juna a wannan yaƙi, kowa da tutar da yake wa aiki. Don haka a bar hula, a dubi tambarin da ke jikinta. In ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ce, na Faransa ne. In bishiyar kwakwa ce da haruffa RWAFF a ƙasanta, na Ingila ne, kuma wannan R ta farko tana nuna bayan 1928 aka yi tambarin, don a shekarar ne aka ƙara wa rundunar laƙabin sarauta.

Kakanmu ba dara ce a kansa ba, malafa ce mai faɗi an naɗe gefe ɗaya, irin ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da na kai hoton wani shagon kwamfuta aka ɗauke shi aka ƙara masa girma, sai ga bishiyar kwakwa ta fito. Nan maganar ɗan doka ta mutu. A hannun riga akwai igiya biyu, wato kofur. Sama da igiyar kuma, dab da kafaɗa, akwai wani baƙin tabo da muka daɗe muna ɗauka cin gara ne. Ashe ƙafafu ne da shi, guda takwas.

A nan ne abin ya yi daɗi. Manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma aka kafa a 1943 aka tura Bama su yaƙi Japan: ta 81 da ta 82. Alamar ta 82 masu biyu ne a gicciye kan gammo, girmamawa ga 'yan dakon da suka riƙa ɗaukar kayan yaƙi a ka. Alamar ta 81 kuwa baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Daga tatsuniyar mutanen Gana aka ɗauko shi, Ananse, wanda da ka ji halinsa ka san ɗan uwan Gizo ne mijin Ƙoƙi, wayo ya fi ƙarfi. Ni dai ina ganin wanda ya zaɓi wannan alama ya san mutanen da yake jagoranta.

Gizo-gizo shi kaɗai bai ce mutum ɗan Nijeriya ba ne, don a rundunar akwai 'yan Gana, da Saliyo, da Gambiya, kuma Hausawa da yawa ta Gana suka shiga soja. Sai a juya bayan hoto. A namu akwai lamba da aka rubuta da alƙalami wadda ta fara da NA, alamar sojan Nijeriya ke nan. Na Gana da GC take farawa. Bataliyoyin Nijeriya da ke cikin runduna ta 81 huɗu ne. Ta 6 da ta 7 da ta 12 an cire su an haɗa su da mayaƙan Cindit, waɗanda jiragen sama suka sauke a bayan abokan gaba a 1944. Sunan barikin Chindit na Zariya daga nan ya samo asali. Ta 4 kuwa ta zauna a birged ɗaya da bataliyar Saliyo da ta Gambiya, suka ratsa kwarin kogin Kaladan, abincinsu da harsashi duk daga sama ake jefo musu, har suka haɗu da runduna ta 82 a Myohaung a watan Janairu 1945.

A ƙasan lambar akwai wani rubutu da ya kusa gogewa: 4 NR. Kafin in faɗa wa kowa sai na je wurin Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, da Baba Tsoho yana ba ku labarin Bama, ya taɓa ambaton mutanen da suka zauna tare?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai kullum sai ya yi zancen mutanen Salo. Ya ce ba su jin Hausa sosai, amma in an jefo buhun shinkafa daga jirgi su ne gwanayen dafa ta."

Ban karanta mata komai ba, ita ma ba ta san akwai wata birged ta 6 ba. Maganarta da rubutun bayan hoton suka zo daidai.

Wanda nasa bai dawo ba, lambar nan ita ce abin riƙewa. Turawa kan rubuta soja da sunan yanka da sunan garinsa kawai, shi ya sa masu suna iri ɗaya suke da yawa a rajista, lamba ce ke raba su. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamatan a intanet, ana iya nema da lamba, kuma waɗanda ba a ga gawarsu ba an sassaƙa sunayensu a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Don Allah kafin a kai tsohon hoto a manna masa leda ko a liƙa shi jikin kwali, a fara ɗaukar hoton bayansa.