Cooper Black: Harafi Mai Nauyi, Mai Sakin Fuska

A shekarar 1922, kamfanin Barnhart Brothers & Spindler na birnin Shikago a Amurka, wanda sana'arsa ita ce zuba haruffan dalma domin maɗaba'u, ya fito da wani salon haruffa mai suna Cooper Black. Wanda ya zana shi, Oswald Cooper, gwani ne wajen rubuta tallace-tallace da hannu. A lokacin 'yan kasuwa na rububin jan idon masu karatu a shafukan jaridu, kowa yana neman harafin da zai danne na maƙwabcinsa.

Haruffa masu kauri sun daɗe a duniya kafin wannan. Sai dai da yawa daga cikin na ƙarni na 19 suna haɗa jiki mai kauri da layuka sirara kamar gashi, ga kusurwoyi masu kaifi. Cooper ya kawar da kaifin baki ɗaya. 'Yan ƙafafun da ke ƙarshen kowane harafi ya dunƙule su, suka yi sumul kamar dutsen da ruwa ya daɗe yana wankewa. Farin da ke cikin harafin O ya ɗan kishingiɗa, ɗigon da ke kan i kuma ya ɗauki siffar ƙwai. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke sa rubutun ya yi kama da aikin hannu, ya ɗaga murya ba tare da ya yi wa mai karatu tsawa ba.

Wannan hali ne ya ba shi tsawon rai. Da shi aka rubuta sunan faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966, da shi aka san littattafan barkwanci na Garfield, kuma da shi kamfanin easyJet ke rubuta sunansa a jikin jiragensa.

Amma inda ƙarfinsa yake, nan iyakarsa take. Saboda kaurin jiki, farin da ke cikin a da e ƙarami ne; idan aka ƙanƙanta rubutun sai ya toshe, sakin layi ya koma baƙin dunƙule. Gurbinsa kanu ne, da allon shago, da bangon littafi, inda kalmomi ba su da yawa.

Mai tsara rubutun Hausa yana da ƙarin abin lura. Cooper ya yi zanensa ne domin Turanci, don haka babu ɓ, ɗ da ƙ a ciki. Idan kwafin da ke kwamfuta bai ƙara su ba, sai ta aro siririn harafi daga wani salon ta cusa a tsakiyar kalma, ko kuma mai aikin ya zubar da lanƙwasar. A nan ne ƙasa ke komawa kasa, baƙi su koma baki, kuma da manyan haruffan da ba wanda zai wuce bai gani ba. Kafin a kai aiki maɗaba'a, a fara gwada waɗannan ukun.