Tudu da Iska a Baƙin Dajin Jamus

Mai keken da ya bar Donaueschingen, mafarin kogin Danub, ya nufi Freiburg ta cikin Baƙin Daji, yamma ya dosa, daga can kuwa iska ta fi kaɗowa. Kaya sun yi nauyi, rana ta karkata, masauki da nisa.

Tudu bai karya masa gwiwa ba. Kalmar "hawa" tana da kishiya, "gangara": ƙarfin da tudu ya ranta, zai biya. Iska ba ta biyan bashi. In yana gudun kilomita 15 a sa'a, ita ma ta taho da 15, turjiyarta takan ninka huɗu. Itatuwa suna kare shi, amma a ƙololuwa, inda daji ya yaye, take jiransa. Sai ya sunkuya, ya sassauta taku, don ƙarfinsa ya kai shi gari kafin duhu.